GIDAJEN ABINCIN HAƊIN GAMBIZA: MATASHI MUSULMI DA KUNYAR TAMBAYA

  

Wani sabon yayi ya shigo manyan biranen ƙasar nan, musamman Abuja da Legas, ga shi kuma yana ta rarrafowa sauran garuruwa. Shi ne yayin zuwa cin abinci a gidajen da ke haɗa girke-girken ƙasashen Asiya da na Turawa a faranti guda, abin da masu lanƙwasa harshe ke kira "fiyushan", Bahaushe kuwa ya ce masa haɗin gambiza. A irin waɗannan wurare za a tarar da samari sun ci ado, sun zauna cikin hasken fitila dishi-dishi, kiɗa na tashi a hankali, kowa na fama da tsinkaye biyu yana neman kai shinkafa baki, ana ɗaukar hoto ana watsawa a Instagram. Abin takaici, a cikinsu har da waɗanda ba a rasa su a sahun gaba ranar Juma'a. Wannan shi ya sa maganar ta zama wajibi.

Tun farko ya kamata a fahimci cewa Musulunci bai hana cin abincin wasu al'ummai ba. Asalin duk abin ci halal ne sai wanda shari'a ta fitar. Shayin da ake sha kowace safiya asalinsa daga ƙasar Sin yake, masara da tumatir da barkono kuwa daga nahiyar Amurka suka zo, kuma babu malamin da ya taɓa cewa a zubar da su don baƙi ne. Saboda haka duk wanda ya zaci ana yaƙi da taliya ko tsinken cin abinci ne, to bai fahimci inda aka dosa ba. Magana a kan abu biyu take: mene ne a cikin tukunyar, kuma shin matashi musulmi yana da ƙarfin halin da zai buɗe baki ya tambaya?

Kafin a shiga tukunya, yana da kyau a san inda wannan girki ya samo asali, domin tarihinsa ba shi da ƙyalƙyalin da ake gani a teburinsa. Tsakanin 1849 da 1874 an kwashi 'yan ƙasar Sin kusan 100,000 zuwa ƙasar Peru, a kan kwantiragin da bai da maraba da bauta, don su maye gurbin bayi baƙar fata a gonakin rake, su kuma haƙo kashin tsuntsaye da ake sayar wa Turai a matsayin taki. Waɗanda suka rayu a cikinsu su ne suka riƙa girka abincin gida da kayan da suka samu a can, har aka sami girkin da ake kira "cifa". A 1899 leburori 790 daga Japan suka sauka a wannan ƙasa, su ma suka haifar da nasu haɗin. A Biyetnam, burodin da ake cusa wa nama da ganye ake kira "banh mi" gadon mulkin mallakar Faransa ne, kuma a asalinsa da niƙaƙƙiyar hantar alade ake shafe shi. A Koriya, bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, yunwa ta sa talakawa suka riƙa dafa naman alade na gwangwani da ke fitowa daga barikokin sojan Amurka cikin romo mai yaji, sunan wannan abinci har yau shi ne farfesun barikin soja.

Ashe ke nan raunana ne suka fara wannan haɗi, bisa tilas da yunwa da zama ƙarƙashin azzalumai. Daga baya 'yan jari hujja suka ɗauke shi, suka yi masa kwalliya, suka sa masa tsada. A 1983 wani kuku haifaffen Ostiriya mai suna Wolfgang Puck ya buɗe gidan abinci mai suna Chinois on Main a Santa Monika ta jihar Kalifoniya, inda ya haɗa girkin Sin da na Faransa. Wani kukun Japan, Nobu Matsuhisa, wanda ya taɓa zama a Lima babban birnin Peru, ya buɗe nasa a unguwar attajirai ta Beverly Hills a 1987, sannan a 1994 suka haɗa jari da ɗan wasan fim Robert De Niro suka buɗe Nobu a Niyok. Daga nan abin ya bazu duniya a matsayin abincin manya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya zauna ya tsara girkinsa da tunanin halal da haram, kuma ba a sa ran su yi hakan, tunda ba addininsu ba ne. Wanda nauyin ke kansa shi ne musulmin da ya zo ya zauna zai ci.

To me ke cikin tukunyar? Allah (T) ya ambaci abubuwan da ya haramta a Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3, wato mushe da jini da naman alade da abin da aka yanka don wanin Allah, ya kuma haramta giya a aya ta 90 ta Ma'ida. Biyu daga cikin waɗannan, alade da giya, su ne ginshiƙan girkin Sin da Japan da Koriya, kamar yadda daddawa da manja suke a miyar ƙasar nan. Kukun Sin yana da giyar shinkafa da ake kira "Shaoxing", da ita yake jiƙa nama, da ita yake yayyafa wa kasko in suya ta yi nisa. Kukun Japan yana da "sake" da "mirin". Ita mirin ta asali ƙarfin barasar da ke cikinta ya kai kashi 14 cikin ɗari, sake kuwa wajen kashi 15, alhali giyar kwalba da mashaya ke sha a mashaya ba ta cika wuce kashi 5 ba.

Wannan miya mai zaƙi da sheƙi da ake shafa wa kaza ake kira "teriyaki", a asalinta ruwan waken suya ne da sukari da mirin da sake. Shahararren kifin nan na gidan Nobu, wanda gidajen abinci a duniya suka kwaikwaya, kwana biyu zuwa uku yake yi a jiƙe cikin haɗin da ke da sake da mirin kafin a gasa shi, kuma mai girkin bai ɓoye wannan ba. Ga shi dai kifi ne, wanda matashi zai nuna da yatsa ya ce ai wannan ba shi da matsala.

Haka abin yake a ɓangaren alade. Taliyar nan mai farin romo da ake kira "tonkotsu ramen", ma'anar sunan shi ne ƙashin alade, kuma ƙasusuwan aladen ake tafasawa sa'o'i masu yawa har romon ya yi fari. Jan naman nan mai suna "char siu" gasasshen alade ne, kuma ana yayyanka shi ƙanana a zuba a soyayyar shinkafa. Ƙullin fulawa mai nama a ciki, irin su "gyoza" da "wonton" da "siu mai", asalinsu da niƙaƙƙen alade ake yi, wanda aka ce na jatan lande ne ma sau da yawa ana sa masa kitsen alade don ya yi taushi. Akwai wani yaji mai tsada da aka ƙirƙiro a Hon Kon a shekarun 1980, ana ce masa XO, wanda ake tallarsa a matsayin na busassun kayan teku, amma a cikinsa akwai busasshiyar cinyar alade.

Suna ma ba ya fitar da mutum. Akwai taliyar Tailan da ake yi wa laƙabi da taliyar mashaya, ita kuwa ba a sa mata giya. Akwai kazar Sin da ake kira buguwar kaza, ita kuma a cikin giya take kwana. Wannan a girkin ƙasa guda ke nan, wanda yake da tsari sananne. Ina ga gidan haɗin gambiza, inda kuku ke alfahari da cewa ya ɗauko miyar Japan ya zuba wa naman Koriya ya naɗe da burodin Meziko, kuma sirrin haɗin nasa ne shi kaɗai? A nan ko wanda ya san girkin Asiya ba zai iya kallon takardar jerin abinci ya san abin da ke ciki ba. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce tambaya.

Akwai uzurori uku da aka saba ji daga bakin samari. Na farko, wai giya tana ƙonewa in ta ji wuta. Su kansu Turawan da ake kwaikwayo sun gwada wannan magana sun ga ba haka take ba. Wani bincike da aka buga a 1992, wanda masana daga jami'o'i biyu na Amurka suka yi tare da ma'aikatar gona ta ƙasar, ya nuna cewa in aka zuba giya a abinci aka cinna mata wuta, kashi 75 cikin ɗari na barasar yana nan. In aka bar ta tana dahuwa minti 15, kashi 40 yana nan. Sai an yi awa biyu da rabi ana dafawa sannan ta sauko zuwa kashi 5. Suyar kaskon Sin kuwa 'yan mintoci kaɗan ce. Malamai da dama na wannan zamani sun yi rangwame game da ɗan abin da ke samuwa da kansa wajen tsima ruwan waken suya, tunda ba don maye aka yi shi ba kuma ba ya bugarwa. Amma wannan daban yake da a ɗauko kwalbar giya da gangan a tsiyaya a cikin abinci.

Uzuri na biyu, wai a yi bisimilla a ci. Masu wannan magana suna kafa hujja da hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, inda aka tambayi Manzon Allah (S) game da naman da wasu mutane ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah wajen yanka ba, ya ba da izinin a ambaci sunan Allah a ci. Amma ai ruwayar da kanta ta bayyana cewa mutanen sababbin shiga Musulunci ne. Magana ce a kan kyautata zato ga yankan musulmi. Bisimilla ba ta mai da alade rago, ba ta kuma mai da giya ruwa.

Uzuri na uku, wai Allah ya halatta abincin Ahlul Kitabi. Gaskiya ne aya ta 5 ta Ma'ida ta zo da wannan, amma mafi yawan mutanen Sin da Japan da Tailan ba Ahlul Kitabi ba ne, kuma ko a hannun Ahlul Kitabi ayar ba ta halatta abin da aka riga aka haramta ba. Sahabi Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Manzon Allah (S) game da ƙoren Ahlul Kitabi, a ruwayar Abu Dawuda ya ma bayyana cewa suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a kofunansu. Amsar da aka ba shi ita ce in akwai wasu ƙoren kada a ci a waɗannan, in babu a wanke su sannan a ci. To a kicin ɗin da kasko guda ke soya alade yanzu, bayan minti biyu ya soya kaza, man suya guda kuma ya wuni yana karɓar komai, wa ya tsaya ya yi wannan wanki?

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A garuruwan da musulmi suka fi yawa, galibin naman sa da na rago daga hannun mahauta musulmi yake fitowa, akwai kuma gidajen abincin da ba su ajiye alade sam, har da na musulmi masu tsoron Allah da suka canza kayan haɗinsu. Amma rashin alade a jerin abinci bai rufe magana ba, domin kwalaben da ke jere a kicin daga waje ake shigo da su, rubutun jikinsu kuma sau da yawa ko mai kawo abincin ba ya iya karantawa. Hukumomin addini a Malesiya sun sha yin gargaɗi cewa allon da aka rubuta babu alade babu kitsensa ba shaidar halal ba ce.

Su musulmin Asiya, waɗanda wannan girki ya fi kusa da su, ba su ɗauki abin da wasa ba. A ƙarshen shekarar 2000 Majalisar Malaman Indonesiya ta yanke hukuncin cewa farin magin da kamfanin Ajinomoto ke yi a masana'antarsa ta can bai halatta ba, saboda an yi amfani da wani sinadari da aka samo daga alade wajen kiwon ƙwayoyin da ke samar da shi, duk da cewa gwaji bai nuna alade a cikin magin kansa ba. A Janairun 2001 aka janye kayan daga kasuwa, kamfanin ya canza hanyar aikinsa, sannan aka mayar masa da shaidar halal. Babban kamfanin Japan ya sunkuya ne don talakawa sun tsaya a kan addininsu. A 2014 ƙasar ta yi dokar tabbatar da halal, wadda ta fara hawa kan manya da matsakaitan masu sana'ar abinci a Oktoban 2024. A Malesiya hukumar JAKIM ke wannan aiki, a Singafo kuwa, inda musulmi 'yan tsiraru ne, majalisarsu ta MUIS tana ba da shaidar halal tun 1978.

A cikin ƙasar Sin kanta akwai musulmi 'yan ƙabilar Hui sama da miliyan 11, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a tsakiyar al'ummar da alade ne namanta na yau da kullum, amma suka gina nasu girkin mai tsarki da suke kira "qingzhen". Taliyar naman sa ta birnin Lanzhou, wadda ta game ƙasar baki ɗaya, ana danganta ta ga wani musulmi mai suna Ma Baozi a 1915. Fataken ƙasar nan da ke zuwa sarin kaya Gwanzu sun san waɗannan shaguna, domin su ne mafakarsu. A 2019 hukumomin Beijin sun umarci irin waɗannan gidajen abinci su cire rubutun Larabci daga allunansu, amma ba a iya cire halal daga tukwanensu ba.

In musulmin da ke ƙarƙashin mulkin gurguzu ya iya tsare cikinsa, mene ne uzurin matashin da ya tashi a garin da kiran salla ke tashinsa daga barci? A nan ne ainihin ciwon yake, shi ne kunyar tambaya. Saurayi zai iya tsayawa minti goma yana ciniki a kan wayar hannu, ya tambayi inda aka ƙera ta, ya sa a buɗe a gwada masa. Amma da zarar ya shiga wuri mai sanyin na'ura, wani mai baƙar kwat ya miƙo masa takarda cike da sunayen da bai iya furtawa ba, sai harshensa ya mutu. Yana tsoron kada abokai su ce baƙauye ne, kada yarinyar da ya ɗauko ta ce ustazanci ya yi masa yawa. Ga abin mamaki: Baturen da jikinsa ba ya son gyaɗa zai kira kuku ya yi masa tambayar ƙwaƙwaf, a ce masa wayayye. Wanda ba ya cin nama zai sa a canza masa kasko, a girmama shi. Sai musulmi ne kaɗai aka koya wa jin kunyar dokar Ubangijinsa. Wannan shi ne mulkin mallakar da ya rage bayan an sauke tutar Ingila a 1960, mallakar zukata, kuma ya fi na farko wuyar magani domin mai ɗauke da shi ɗauka yake ci gaba ne.

Bayan abin da ke cikin faranti, akwai kuma teburin kansa. Da yawan waɗannan gidaje suna da mashaya a ciki, ribarsu ma ta fi yawa a kwalba. An ruwaito hani daga Manzon Allah (S) ga mai imani da Allah da ranar lahira kan zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wanda ya ce shi lemo kawai ya sha, alhali abokin zamansa na kurɓar giya a gabansa, sai ya sake duba wannan hani.

Sai kuma maganar almubazzaranci, wanda aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa haninsa da izinin ci da sha. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin ɗari nasu kuma a Arewa suke. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, kuɗin da tebur guda na 'yan samari ke iya cinyewa a dare ɗaya. A ranar 21 ga Disamban 2024 mutum 10 suka mutu a turmutsutsun rabon kayan abinci a Maitama, ɗaya daga cikin unguwannin da irin waɗannan gidaje suka fi yawa a Abuja. A rana guda wasu 22 suka mutu a Okija, kwana uku kafin nan kuma yara 35 suka mutu a Ibadan. Wanda yake da'awar yana tare da raunana, ba zai ji wannan ya ci gaba da gasar ɗaukar hoton faranti ba.

Surar da aka kwaɗaitar da karantawa a ranar Juma'a ta isa darasi. Allah (T) ya siffanta Ashabul Kahfi da cewa samari ne da suka yi imani da Ubangijinsu. Sun tashi daga barcin shekara 309, ga yunwa, ga tsoron azzalumin sarki, ga 'yan kuɗin azurfa kaɗan a hannu. Da za su aiki ɗayansu cikin birni, aya ta 19 ta nuna sharaɗin da suka gindaya masa shi ne ya duba abincin da ya fi tsarki. Samarin da ake farauta ba su ga yunwa ko tsoro a matsayin uzuri ba. Muslim kuma ya ruwaito labarin matafiyin da ya ɗaga hannu yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne, Manzon Allah (S) ya nuna nisan a amsa masa. Harkar da makaminta na farko addu'a ce, ba za ta yi wasa da abin da ke toshe addu'a ba.

Saboda haka ɗan uwan da larura ta kai shi irin wannan wuri, ko aiki ko karatu a waje ko gayyatar da ba ya iya ƙi, abin da ke kansa a fili yake. Ya tambaya ko ana dafa alade a kicin ɗin, in ana yi ko kasko da man suya daban ne. Ya ambaci mirin da sake da giyar Shaoxing da sunayensu, domin mai kawo abinci zai iya rantsewa babu giya alhali shi kwalbar mashaya yake nufi. Ya tambayi da ƙashin me aka yi romo, kuma daga ina kajin suka fito, tunda kajin ƙanƙara na fasa-ƙwauri ba a san yankansu ba. Game da ƙaguwa da sauran halittun ruwa, mazhabobi sun sha bamban, sai ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. In aka kasa ba shi amsa, hadisin Nu'umanu bin Bashir ya riga ya nuna cewa mai nisantar shubuha shi ya kuɓutar da addininsa da mutuncinsa. Ya tashi cikin ladabi, ba faɗa ba zagi. Matambayi ba ya ɓata, kuma duk ranar da masu tambaya suka yi yawa, mai gidan abinci da kansa zai canza kwalabensa, domin shi ciniki yake nema.

Akwai kuma kira ga 'yan uwa masu jari da masu sana'ar girki. Abin da 'yan Hui suka yi a Sin da abin da musulmin Malesiya suka yi ya nuna ana iya girka abincin Asiya mai daɗi ba tare da ɗigon haram ba. Wannan ƙofar sana'a ce ga samarin da ke zaman kashe wando, kuma hidima ce ga addini.

Allah (T) Ya tsarkake abin da ke shiga cikin bayinSa muminai, Ya wadatar da su da halal ga barin haram, Ya ciyar da mayunwata, Ya ba matasan musulmi irin zuciyar samarin kogo.